Ankon Zadi

Tanoh tela ne a Abijan, shekara talatin yana taka keke ɗaya, kuma mutum ne da zama ke yi wa wuya. Ko rogo da kifi aka kawo masa, a tsaye yake ci. Ya yi aure da ƙuruciya, ya so matarsa tsakani da Allah, ta haifa masa 'ya ɗaya, Affoué, sannan ta rasu. Bayan shekara huɗu wani direban tasi mai sanƙo, Zadi, ya kawo wando a rage masa ƙugu. Yau shekararsu goma sha ɗaya a ɗaki ɗaya. Maƙwabta "abokin Tanoh" suke ce masa, kowa ya bar ta a haka.

Da bikin Affoué ya matso, aka fitar da anko biyu: shuɗi na dangin amarya, ruwan ɗorawa na abokan arziki. Ta dire atamfofin a kan teburin ubanta.

"Papa, surukata ta tambaye ni wane ne Kawu Zadi a gidanmu," in ji ta. "Ba kunya nake ji ba. Ka ba ni kalmar da zan faɗa, in san launin da zai sa."

Tun daga ranar Tanoh ya rasa sukuni. Ya ɗauki almakashi ya ajiye, ya leƙa titi ya dawo. Ranar Lahadi ya tafi taron ƙungiyarsu ta maza masu son maza, ya baje maganar. Dattijon cikinsu, wanda suke kira Mama Gisèle, ya ce abin ai biyu ne tun zamanin da: ko kai wubi ne, uwargida, ko yosi, maigida. Tanoh ya ce su duka biyu suna girki, duka suna wanki, kuma Zadi mai ƙaton wuyan nan shi ke hayewa gado in ya ga kyankyaso. Aka kwashe da dariya, aka ce to gidansu ba shugaba.

Matasa suka zaro wayoyi suka jero masa sunaye fiye da goma, kowanne da tutarsa. Ɗaya ya ce tunda ya so mace ya so namiji, "bi" ne sunansa. Wannan ta kwanta masa na yini guda, don ba ta mayar da marigayiya ƙarya ba. Washegari ya ji ta kamar takalmin aro. Wani ya ce ya fake a "baranshe", kalmar da ke rufe su duka kamar rumfar kasuwa. To, ya fake, sai me? Duk sunayen nan shi suke kwatantawa, babu wanda ya faɗi matsayin Zadi a gidan.

Saura kwana uku biki Zadi ya shigo shago, ya jawo ruwan ɗorawa da kansa.

"Ɗinka min wannan, tsoho. Kada yarinya ta sha surutu saboda ni."

Abin ya soki Tanoh har ƙashi. Mutumin nan ne ya yi shekara shida yana kai Affoué makaranta kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya. Tanoh ya ture ruwan ɗorawa gefe, ya shimfiɗa shuɗi, ya sa almakashi. Ko awo bai yi ba.

Da Affoué ta zo karɓar ɗinki ta ga shuɗiyar rigar Zadi a rataye, ta tambaye shi kalmar.

"Ban samu ba, 'yata. Ina nan ina nema. Ki ce wa surukarki ta dubi rigarsa."

Ta shafa wuyan rigar.

"Papa, ba ka lura shuɗin ya fi yawan danginmu ba? Da rabonsa na sayo tun farko. Kai nake jira ka yanka."