Maɗin Ɗinyar Baba

Shekarar da masu jar hula, dogaran kumandan na Nasara, suka kwashi maza a ƙauyenmu na gefen Waca zuwa aikin hanya, babana yana cikinsu. An tafi da shi ana tsakiyar noman farko, ciyawa ta cinye gonar, geron da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Da kaka ya dawo, sai da na kalle shi sau biyu kafin na gane shi. Tafin hannunsa ya yi fari fat, idanu sun faɗa, daga zaure zuwa ɗaki sai ya huta a hanya.

Inna ta duba cikin idonsa ta ce jini ne ya ƙare, kuma ba abin da ke mayar da jini irin ɗinya. Haka kowa ya sani a wajenmu: abin da ya yi baƙi har ya rina hannu, shi ke shiga jiki. Ɗinya ɗaya ce a fadamar garin, mata kuwa duk sun yi mata caa saboda yunwa. Inna ta riƙa sammako tana tsinto wadda ta faɗo, ta jiƙa, ta murje, ta tace, ta dafa har ruwan ya yi kauri ya zama maɗi. Bai fi ludayi biyu take samu a rana ba.

Ta san halin mijinta, mutum ne da ba ya iya cin abu yaro na kallo. Don haka idan ta miƙa masa ƙoƙon za ta tafi rijiya, takan ce in ta dawo sai ya nuna mata harshe. Kullum kuwa ya nuna, baƙi ƙirin, yana yi mata dariya wai ta mai da shi ɗan yaye.

Abin da ba ta gani ba, da ta fita yakan tsoma yatsa ya shafa wa harshensa da haƙoransa, sannan ya turo mini ƙoƙon. Shekarata tara, cikina na kuka tun safe. Ranar farko na ce a'a. Ya ce shi zaƙi ya gundure shi, in taimake shi. Na san ƙarya ce, na shanye, har na lashe ƙoƙon. Shi ya koya mini in goge baki da toka kafin ta shigo. Mun yi haka fiye da wata guda.

Bayan na tsufa, jikata da ta yi lakwal, wato boko, ta ce mini likitoci ma sun yarda, baƙin nan na ɗinya yana kare jiki. Ta zaci daɗi zan ji. Ni kuwa sai da na kwana biyu ban ci abincin kirki ba, don duk tsawon rayuwata ina rarrashin kaina da cewa maɗin ba zai tsinana masa komai ba.

Baba ya rasu wata Laraba da hantsi, bayan na sha na ranar. Rikicewa ta sa na manta da tokar. Ina kuka baki buɗe, Inna ta kama haɓata ta ɗaga, ta daɗe tana kallon haƙorana. Na jira mari. Sai ta sa bakin zanenta ta share mini leɓe.

Washegari, mata na cike da gidan makoki, na ga ta hura wuta ta ɗora sauran ɗinyar da ta jiƙa. Da maɗin ya dahu ta zuba a ƙoƙonsa ta kira ni.

"Zo ki sha," in ji ta. "Yau ba sai kin nemi toka ba."