Azumin Tandamma da 'Ya'yan Salwa

Tandamma matar Ittup ce, wanda ke kaɗa ƙararrawar tsohuwar majami'ar ƙauyenmu a bakin kogin Manimala. Shekara talatin da ɗaya muna maƙwabtaka, 'yar gonar rogo ce kawai ta raba gidajenmu. Gajeriya ce, kullum cikin farin zane mai naɗin baya irin na iyayenmu mata. Ba ta yi boko ba, amma ta fi duk ɗaliban da na koyar son sanin dalilin abu. Ta taɓa tsare ni a hanya da tulu a kanta, wai sai na gaya mata abin da ya sa ruwan rijiya ke da ɗumi da safe, da rana kuma ya yi sanyi.

Da azumi aka fi saninta. In babban azumin kwana hamsin ya kama, sai ta wanke turmi da dutsen niƙa, ta kife tukunyar kifi a bayan ɗaki. Daga ranar har Ista, nama da kifi da ƙwai da madara ba sa ƙetare ƙofarta. Tun tana amarya take haka, ba ta taɓa karyawa ba. Mu da muka tashi a makarantar mishan namu bai kai haka tsanani ba, shi ya sa takan ce mini, "Ku ai azuminku rage sukari a shayi ne."

A shekarar 1989 ciwon fuka ya matsa wa Ittup, har sai ya huta sau biyu kafin ya gama kaɗa ƙararrawa. Tandamma ta ji mata na cewa ƙwan salwa na taimakon masu fuka, sai ta sa ƙanenta ya samo mata 'ya'yan salwa daga birni. Ya kawo guda arba'in, 'yan kwana ɗaya, kowane bai fi babban yatsa ba, da ɗan buhun abincinsu. Rana ta biyu ce ga azumi. Ta kwance buhun, ta sansana, ta ɗaure.

Ta ce wa ƙanen, "Akwai kifi a ciki. Mayar musu."

Ta zuba 'ya'yan salwar a kwando kusa da fitila, tana ba su tsakin shinkafa da tunkuzar kwakwa. Suna ci ba ƙaƙƙautawa, amma ba sa girma. Gashi ya ƙi fitowa, suka fara tsattsagar juna, kowace safiya sai ta tsinci gawa ɗaya ko biyu. Ran kwana na goma ta ƙwala mini kira ta cikin rogo.

"Malam Kora! Zo da ma'aunin nan naka."

Ma'aunin wasiƙa ne da na gada daga mahaifina. Na ɗora ɗan tsako ɗaya: giram goma sha biyar. Takardar da ta zo da su ta ce ya kamata ya kai talatin da biyar. Na karanta mata sauran bayanin, cewa ɗan salwa ya fi ɗan kaza saurin girma, don haka fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abincinsa dole ya zama mai gina jiki, irin garin busasshen kifi.

"To shinkafar ina take zuwa?" in ji ta. "Cikinsu fa a cike yake."

"Yaya, shinkafa itacen girki ce, ɗumi take bayarwa. Ba a ginin ɗaki da ita. Bari in daka kifin a gidana."

"Ko a ina aka daka, ta ƙofata zai shigo."

"To kawo su wajena."

"Kyanwarka ta yi Ista tun lokaci bai yi ba?"

Ta je wurin Fada, limamin majami'arsu. Ya yi dariya har da tari, ya ce tsuntsu ba a yi masa baftisma ba, azumi bai hau kansa ba. Ta ce ta sani, amma gidan nata ne, hannun ma nata ne. Ta dawo ta zauna gaban kwandon. Ko ta karya abin da ta riƙe shekara talatin da takwas, ko ta ci gaba da binne su ɗaya bayan ɗaya a gindin ayaba, ƙwan Ittup kuma ya bi ruwa.

Ran kwana na goma sha biyu saura ashirin da bakwai. Da yamma ta ƙirga, ashirin da shida, kuma ba gawa. Ittup ya ce ɓera ne. Bayan kwana huɗu, da hantsi, tana shanyar barkono, sai ga ɗan tsakon ya fito daga rumfar itace yana tafiya kamar mai unguwa, fukafukansa sun fara gashi. Da wata ce, da ta yi wuf ta kama shi. Tandamma kuwa tsuguna ta yi tana kallo, har ya sha ruwa a gindin rijiya ya koma. Ta bi shi.

A lungun rumfar akwai akwatina na katako, wanda na kai ajiya lokacin da ake gyaran rufin gidana, shekara biyu ban ɗauko ba. Littattafan rubutuna na makarantar mishan ne a ciki, tun daga aji uku, da jan alƙalamin malamanmu a gefen kowane shafi. Gara ta cinye gindin akwatin, ta yi gida a ciki. Ɗan tsakon yana tsaye a bakin ramin yana ɗaukar su ɗaya ɗaya.

Ta kira ni. Na ɗaga murfin, lissafin aji biyar ya zube a hannuna kamar gari. 

"Sannu, Malam," in ji ta. Sai ta kamo ɗan tsakon. "Ka zo da ma'aunin?"

Giram talatin da huɗu. 'Yan'uwansa na kwando kuwa sha takwas.

"Ka ga wanda ya yi makarantar mishan," in ji Ittup daga bakin ƙofa, yana haki yana dariya.

Akwatin bai fi abincin kwana biyu ba. Sai tambayar ta zama yadda za a kira gara ta zo da kanta. Tandamma ta samo tsofaffin tukwane uku. Ta cika ɗaya da busasshen kashin shanu, ɗaya da tsumman buhu da ɓawon kwakwa, ɗaya da ragowar takarduna, da izinina. Ta yayyafa musu ruwa, ta kife su a inuwa. Bayan kwana biyu ta ɗaga. Ta buhu ta fi cika, ta kashin shanu na biye, tawa ce ta ƙarshe. Ta ce gara ma ta gaji da karatu. Da ta haɗa kashin da buhun a tukunya ɗaya sai abin ya ninka. Ta jera tukwane tara, kowace safiya kafin rana ta yi zafi ta juye uku a faifai. In ta ajiye a kwandon sai ka ji tsattsagarsu kamar yayyafi a kan kwano.

"Ke, gara ba nama ba ce?" in ji Ittup.

"Ni na kawo ta? A gidan na same ta. Ban daka ba, ban dafa ba."

"Ai ke kika kife mata tukunya."

"Kai ma ƙararrawa kake kaɗawa. Kai ke ɗauko mutane daga gidajensu?"

Uku suka ƙara mutuwa, waɗanda dama sun riga sun galabaita. Ashirin da huɗu suka tashi. Ranar Ista ta sauko da tukunyar kifi, azuminta bai taɓu ba. Ƙwai dai ya yi jinkiri saboda yunwar farko. Sai bayan kwana tara ta turo ƙofata da sassafe, hannunta a dunƙule. Ta buɗe, ga ɗan ƙwai mai ɗigo-ɗigo, da ɗuminsa.

"Auna."

Giram tara. Ta karɓe abinta ta kai wa Ittup.

Ban san ko ƙwan ya yi wa fukarsa wani abu ba. Ya dai ƙara shekara shida yana kaɗa ƙararrawa, yana hutawa a tsakiya kamar dā. Tandamma ta rasu a 2004. Har shekararta ta ƙarshe, in azumi ya kama, takan kife tukunyar kifi a bayan ɗaki, ta kife tara a gindin kwakwa. Ma'aunin yana nan a kan teburina, wasiƙa ce dai ta daina zuwa.