Jijiyar Wuyan Baba

Shekara uku ina tiyatar ƙashin baya a wani asibiti a Makka. Iyalina na Kano, ni ina ɗaki ɗaya a unguwar Kudai, Hausa sai a waya. Har butar shayi na fara yi wa magana.

Sai aka kawo mini wata tsohuwa Bahaushiya daga unguwar Nakkasa. Ta tsufa tana dakon kayan alhazai a ka, ƙashin wuyanta ya zaizaye ya danne laka, hannayenta sun soma mutuwa. Da ta ji bakina ta ce, "Ashe ɗan gida ne zai yanka ni." Na riƙa ƙirƙiro dalilin leƙa ta, don kawai in ji an ce mini ɗan nan.

Safiyar aikin ta kama hannun rigata. "Ɗan nan, mu yafi juna." Haka mutanenmu ke yi in za su tafiya mai nisa. Na yi dariya na ce, "Na yafe, Baba, ni ma ki yafe mini," hankalina na kan agogo.

Ina huda ƙashin don in kafa ƙusa, bakin na'urar ya goce kaɗan, ya taɓa jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Jini ya cika ramin, ban ƙara ganin komai ba. Na cusa auduga na danne da yatsa, na ce a kira likitan jijiya, a ƙaro jini. Ɗakin cike da mutane, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan tsayuwar ba. Da likitan ya iso muka fafe gefen ƙashi, muka matse jijiyar sama da ƙasa, ya ɗinke ta da zare mai sirantar gashi.

Ta farka bayan kwana biyu, da ranta da maganarta, sai jiri da ba zai bar ta ta sake tafiya ita kaɗai ba. Na yi wa 'ya'yanta bayani da Larabci, yaren da suka tashi da shi, wannan bai yi wuya ba. Ita kuwa sai da na yi kwana huɗu ina kewaye ƙofarta.

Na durƙusa na ce, "Baba, hannuna ne ya goce. Ki yafe mini."

Ta juyo da ido kawai, wuyanta a ɗaure.

"Ba mun yafi juna ba tun kafin a shiga? Ko kai da wasa ka yi?"

Da wasa na yi. Na kasa gaya mata.