Mai Eriya da Katunanta Arba'in da Ɗaya

Haihuwa

An haifi marigayiya Mai Eriya a shekarar 1963, a unguwar bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarta tela. A shagon uban ta samo laƙabin, domin tun ba ta kai tsayin teburi ba ita ke riƙe masa eriya har tasha ta kama.

Karatu da aure

Ta kammala kwalejin fasaha a 1985, ta kama aiki a sashen kwamfuta na wata jami'a. A 1988 ta auri wani malamin lissafi, Allah Ya azurta su da 'ya'ya uku.

Hidima

A 2004 ta shiga sahun masu aikin sa kai da ke kula da wata babbar manhajar kwamfuta ta kyauta. Rabonta shi ne direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane katin wayalas ɗinta, mai haɗa ta da intanet ba tare da waya ba. Na tsofaffin katuna ta zaɓa, waɗanda kamfanoninsu suka daina yi, alhali ƙananan makarantu da asibitoci da su suke hawa intanet. A cakuɗe ta samu direbobin a cikin manhajar. Shekara biyu tana warewa, kowanne ta ajiye shi a rukunin kamfanin da ya ƙera katinsa.

Ƙa'idar aikin kuwa mai tsauri ce: duk direban da ya shekara ba a gwada shi a kan katinsa na ainihi ba, goge shi ake yi. Don haka ta tara katuna arba'in da ɗaya a ɗakin ajiya, kowanne cikin ambulan da lambarsa, tana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Maigidan yakan leƙo ya ce, "Maman yara, wannan tarkacen ko mai bola ba zai ɗauka ba." Ita kuwa ta ce, "Ai shi ya sa na ɗauka, Malam."

Ƙarshen rayuwa

A 2019 Malam ya rasu, ganinta kuma ya fara ja baya. 'Yarta ce ke karanta mata allo, ita tana lalubar katunan da hannu, kuma ba ta taɓa rikita su ba, baiwar Allah. Sau uku tana shelar neman magaji ga abokan aiki. Godiya ta zo, addu'a ta zo, magaji bai zo ba. Duk da haka ta shirya katunan a kwali tare da littafin bayaninsu, ta sa aka manna takarda aka bar gurbin adireshi, wai kada a ɓata wa mai zuwa lokaci.

Rasuwa

Ta rasu ranar 9 ga Mayu, 2023, tana da shekara sittin, aka binne ta kusa da mijinta. Ta bar babban ɗa likitan dabbobi, 'ya malamar makaranta, da auta kafinta. Bayan shekara guda aka goge direbobin, bisa ƙa'ida. Kwalin yana nan kan kabad ɗin 'yar, tana share masa ƙura duk mako, gurbin adireshin har yau fari. Allah Ya jiƙanta.