Ragon Nowel da Wuƙar Baffa

Babana ya iya yanka. A ƙauye ya tashi, can wajen Dakusa, inda yaro kan iya fiɗar akuya tun bai iya ɗaura wando da kyau ba. Amma tun da na yi wayo a gidanmu na Zango, cikin Damagaram, ban taɓa ganin ya sa wa ragon Kirsimeti wuƙa ba. Nowel muke ce wa ranar. Da an taso daga majami'a sai ya tuɓe babbar riga, ya ja ragon zuwa inuwar ƙofar gida, ya tsaya jiran Baffa.

Baffa ba danginmu ba ne. Baduku ne, Musulmi, katangarmu ɗaya da shi, kuma gidanmu kaɗai ne na Kirista a layin. Shi ke yanka, babana ya danne ƙafafu. Fatar rago tasa ce, kuma da ita ya ɗinka wa Littafi Mai Tsarki na babana jar riga mai zane, wadda har yau tana hannuna. In nama ya dahu sai Inna ta jera kwanuka, mu bi gida gida. Ran Layya kwanukan su dawo mana da gasasshen nama, har mu rasa wurin ajiyewa.

Matsalar Baffa ɗaya ce, ba ya sauri. Sai ya yi alwala, ya wasa wuƙa, ya gaisa da duk wanda ya gifta har da tambayar jikoki. Ni kuwa ce babbar 'ya, ni ke gaban murhu, kuma yunwa ba ta barina da ladabi. Shekarar da na shiga lise, wato babbar sakandare, ina jin kaina malama, na tari babana.

“Baba, wai yankanka haram ne? Baffa da bakinsa ya ce ya halatta gare su.”

“Ya faɗa,” in ji shi. “Amma ba kowace tsohuwa a layin nan ta yi karatun Baffa ba. Ba na son kwanona ya shiga gida a tsaya ana kallonsa, ana jin nauyin ci, ana jin kunyar mayarwa.”

Sai ya tuna mini abin da wani manzon Almasihu ya rubuta wa masu bi na Roma, cewa kada mutum ya sa ɗan'uwansa tuntuɓe a kan abinci. Na ce ai 'yan'uwa cikin bangaskiya ake nufi. Ya dube ni ta saman tabarau.

“To, malama. Wani ma ya taɓa tambayar Almasihu wane ne maƙwabcinsa, don ya rage yawansu. Je ki duba shinkafarki.”

Na koma madafa ina ƙunƙuni, shinkafar kuwa ta kama.

Bayan wasu shekaru Baffa ya faɗi a rumfarsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da ke yanka da ɗinki ya koma kwance a cinya, maganarsa ma sai an kasa kunne. Ya daina fitowa, don ba ya son a gan shi haka. Nowel ta zo, rago na ɗaure, baƙi daga majami'a sun cika tsakar gida. Inna ta ce a kira mahauci, Musulmi ne shi ma, ba wanda zai ƙi cin yankansa. Gaskiya ta faɗa, na kuma goya mata baya da ƙarfi.

Babana ya ce a'a. “In Malam Baffa ya jiyo kukan rago ta katanga, kuma ba a neme shi ba, mun gaya masa ke nan ya gama amfani.”

Ya shiga gidan Baffa, ya daɗe. Rana ta take, baƙi suka fara hamma, wasu suka sulale. Ni ina hura wuta ƙarƙashin tukunyar da ba kome cikinta sai ruwa, raina a ɓace, ina cewa bana dai da romon haƙuri za mu yi biki. Ashe a ciki Baffa ƙi yake yi, yana cewa a bar shi da kunyarsa, babana kuwa ya zauna bakin gado ya ce to ragon ya tsufa a turke.

Can sai ga su. Babana da babban ɗan Baffa, magidanci mai kabu-kabu da babur, sun ɗauko shi a kujerar ƙarfe. An sa masa farar hula. Ɗan ya durƙusa da wuƙar, babana ya ɗauki shanyayyen hannun nan ya ɗora a kan hannun ɗan, sannan ya koma ya danne ƙafafu kamar kullum. Baffa ya yi bisimilla da karkataccen baki, kowa ya ji ta sarai. Da aka gama ya nuna fatar da haɓa, wai a kai masa gida. Mutane suka yi dariya, ni kuwa na juya baya don hawaye sun zubo mini, na ɗora wa hayaƙi laifi.

Baffa bai ga wata Nowel ba. Ɗansa ya ci gaba da zuwa, har shekarar da babana ma ya tafi wurin Ubangiji. Ni lokacin ina aure a Yamai, na zo taya Inna zama. Hannu ya yi gajere, zuciya ma ba ta biki. Ba rago, sai wani zakara da wata 'yar majami'a ta kawo daga Gaffati. Muka ce ƙanena ya yanka shi a bayan ɗaki, ba sai layi ya ji ba.

Mun dawo daga sujada ke nan muka tarar da ɗan Baffa tsaye a inuwar ƙofar gida, ya jingine babur, wuƙar ubansa naɗe a tsumma. Ba wanda ya aika masa.

Kunya ta kama Inna. “Ɗan nan, bana ba rago. Zakara ne kawai.”

“To, Inna, a kawo zakaran.”

Ya wasa ƙatuwar wuƙar nan a hankali, kamar sa zai kayar. Ƙanena ya danne ƙafafu. Na ɗauka Inna za ta ce a dafa mu ci, sai na ga ta shiga ɗaki ta fito da kwanukan nan duka, ta jera. Na ce, “Inna, zakara ɗaya fa?” Ta ce in ƙara ruwa a miya.

Kowane gida ya samu tsoka kamar kan yatsa a bisa tulin shinkafa. Ni na kai na gidan Baffa da kaina, ina matar aure. Tsohuwa, matar marigayin, ta buɗe kwanon, ta ɗauki tsokar ta jefa a baki tun ina tsaye, ba ta tambayi wa ya yanka ba.