Baban da ya kasa ɓata kiɗa

Jiya na tsinci wata begila mai tsatsa a kwali, sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai, tsohon ɗan badujalar soja da muka yi fatauci tare a birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Shekarar da aka yi gasar Olamfik a ƙasar, biza ta yi wuya, kowa ya ɗaure fuska. Sai mu fatake muka kwaso kayan busa na samfur a kasuwar Tianxiu, muka ce kowa ya ɓata kiɗa da gangan, a yi dariya. Namu kamar ana yanka awaki. Baba kuwa ya yi gumi sharkaf, busarsa sai zaƙi take.

Na ce, "Baba, kana ɓata mana ɓarna!"

Ya ce, "Ɗana, leɓen nan ya sha horo, ya ƙi bin umarni."

Allah ya sa littafin ayyukansa kamar busarsa, a nemi kuskure a rasa.