Babban Yatsan Wasyl Hnatiuk

Mahaifina, Wasyl Hnatiuk, bai taɓa tuƙa jirgi ba. A yaƙin duniya na biyu makaniki ne, shi ke duba jirgin yaƙi kafin ya tashi. Ƙa'idarsu ɗaya ce: a tayar da inji, makaniki ya kasa kunne, in ya ɗaga babban yatsa matuƙi ya tafi. Kullum Baba sai ya faɗa mana bai taɓa ɗaga wa kowa yatsa injinsa ya mutu a sama ba. Mun ji har mun gaji.

Da ya dawo Manitoba gyaran tarakta ya kama. Bayan ya ajiye aiki, shi da wasu tsofaffi suka tsinci gawar wani jirgin yaƙi a bayan rumbun wani manomi, kaji na ƙwai a cikinsa. Shekara goma sha ɗaya suna haɗa shi. A cikin shekarun nan kunnen Baba ya tafi, shi kuwa ya kafe wai mutanen yanzu ne ke magana ciki-ciki. Ni ke kai shi asibiti, na san abin da likita ya ce. Ya hana ni faɗa, ni ma na ja bakina, abin da har yau yake cina.

Ranar gwaji, matuƙin, Lorne Beaudry, uban 'ya'ya uku, ya ce ba zai motsa ba sai tsoho ya ɗaga masa yatsa. Inji ya tashi, ƙasa ta ɗauki rawa. Baba ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya dafa fiffike. Sai ya juyo gare ni.

"Halyna, ya kika ji shi? Yana shaƙewa?"

"Baba, ni ƙara kawai nake ji."

Ya zuba wa leɓena ido. Tausayinsa ya kama ni, ga shi ba abin da zan iya yi masa. Lorne na jira. Hannun Baba ya tashi zuwa ƙirji, ya tsaya, sannan ya yi alamar a kashe inji.

Nan take abokansa suka hau yabon kunnensa, suka ɗauko sifana za su kwance injin su nemo abin da ya ji. Lorne ya sauko ya rungume shi, wai ya ceci ransa.

A mota Baba ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Ban ji komai ba, 'yata," ya ce. "Gobe za su tambaye ni ta ina za su fara."